Yadda Ake Ɗora Gilashin Tsofaffin Kyamarorin Fim 120 a Kan Wata Kyamara

Kyamarorin da ke cin fim mai lamba 120, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1901, su ne ƙashin bayan sana'ar hoto na tsawon shekaru, daga shagon ɗaukar hoton mutane har zuwa ɗakin aikin masu hoton talla. Turawa na kiran wannan aji midiyam fomat, domin faɗin hotonsa ya fi na fim 35 amma bai kai na manyan faifan fim ba. Yau akasarin waɗannan kyamarori suna ajiye, sai dai gilashinsu, wato lens a bakin masu sana'a, bai tsufa tare da su ba, kuma ana iya ɗora shi a kan kyamarar zamani da adafta. Ina ganin aikin ya cancanci a yi shi, amma bisa dalilin da ya dace. Wanda ya sayi irin wannan gilashi yana tsammanin ƙaramar kyamararsa za ta fara ba shi hoto irin na babban fim zai ji takaici. Ribar da ke ciki ita ce faɗin da'irar hoton da gilashin ke jefawa, da ingancin ƙirarsa, da taushin zoben saitinsa a hannu.

Mataki na farko: lissafin tazara

Kowace kyamara tana da tsayayyar tazara tsakanin bakinta, inda gilashi ke zama, da fim ko sensar da hoto ke sauka a kai. An ƙera kowane gilashi ne domin ya zauna daidai a wannan tazara, kuma idan ya matsa gaba ko da kaɗan ba zai iya fitar da abin da ke nesa tangaran ba. Adafta ta yau da kullum bututun ƙarfe ce kawai, babu gilashi a cikinta, aikinta shi ne cike gibin da ke tsakanin tazarar tsohuwar kyamara da ta sabuwa. Saboda haka doka ɗaya ce ke mulkin aikin baki ɗaya: dole tazarar da aka ƙera gilashin dominta ta fi ta kyamarar da za a ɗora shi tsawo.

A nan gilasan fim 120 suka yi sa'a, domin kyamarorinsu na da babban madubi a ciki, wanda ya tilasta a nisanta gilashi daga fim. Tazarar Mamiya 645 milimita 63.3 ce, ta Contax 645 kuwa 64, ta Pentax 645 70.87, ta Pentacon Six da Kiev 60 74.1, ta Hasselblad V 74.9, ta Pentax 67 kusan 85. A ɓangaren kyamarorin da za su karɓa, Nikon F na da 46.5, Canon EF 44, Fujifilm GFX 26.7, Canon RF da L 20, Sony E 18, Fujifilm X 17.7, Nikon Z 16. Ka ɗebe ƙaramar lamba daga babba, abin da ya rage shi ne tsawon adaftarka. Gilashin Mamiya 645 a kan Sony yana buƙatar bututu mai milimita 45.3, a kan Canon EF kuwa 19.3. Gilashin Hasselblad V a kan GFX yana buƙatar 48.2. Ka rubuta lambarka ka ajiye, za ka dawo gare ta lokacin gwaji.

Wannan lissafi ne kuma yake nuna abin da ba zai yiwu ba. Gilasan GF na Fujifilm da XCD na Hasselblad na zamani ne, tazararsu gajera ce, kuma ba sa motsi sai da umarnin lantarki daga kyamararsu, don haka kada ka ɓata kuɗi wajen neman hanyar ɗora su a wani wuri. Haka nan gilashin kyamarori masu ido biyu irin su Rolleiflex da Yashica Mat a kafe yake, ba a ƙera shi don cirewa ba.

Mataki na biyu: sanin abin da gilashin zai zama a sabon gidansa

Tsawon gilashi, wato lambar milimita da ke rubuce a jikinsa mai nuna faɗin ganinsa, ba ya canzawa. Mai milimita 80 yana nan a 80 ko'ina aka ɗora shi, kuma f/2.8, lambar da ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikinta, tana nan f/2.8. Abin da ke canzawa shi ne yawan abin da sensa ke yankowa daga da'irar hoton. Hoton 645 a kan fim milimita 56 ne da 41.5, na 6x6 kuwa 56 da 56, na 6x7 kimanin 56 da 70. Sensar GFX kimanin 44 da 33 ce, sensa mai girman fim 35 kuma 36 da 24. Don haka gilashi mai 80, wanda a kan fim 645 yake ba da gani irin na 50 a ƙaramar kyamara, zai koma gilashin hoton fuska a kan sensa 36 da 24, ya yi kamar 120 a kan ƙaramar sensar da ake kira APS-C, a kan GFX kuma kamar 63.

Masu neman gilashi mai faɗin gani su yi hattara a nan. Mai milimita 35 f/3.5 na Mamiya ko Pentax 645 yana kwaso fili sosai a kan fim, amma a kan sensa 36 da 24 ba shi da bambanci da kowane 35, ga nauyi ga ƙarancin haske. In ba don aikin gusarwa da zan yi bayani a ƙasa ba, ban ga dalilin sayensa ba. Inda waɗannan gilasai ke biyan kuɗinsu shi ne daga 80 zuwa sama: Mamiya Sekor C 80 f/1.9, Pentax 105 f/2.4, Planar 80 f/2.8 na Hasselblad, da Sonnar 180 f/2.8 na Carl Zeiss Jena. Ko masu shirya manyan finafinai sun san da haka, domin gilasan da kamfanin ARRI ya tanada wa kyamararsa Alexa 65 a 2014 daga gilasan Hasselblad aka sake musu gida.

Mataki na uku: zaɓen gilashin da zai yi aiki ba tare da kyamararsa ba

Wannan shi ne matakin da ya fi cin kuɗin mutane, kuma tambayoyi uku ne ke warware shi. Shin ana iya sarrafa ƙofar haske da hannu? Shin gilashin na da zoben fokas nasa na kansa, wato zoben da ake murɗawa hoto ya fito tangaran? Shin akwai shota a cikinsa, wato murfin da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗaukar hoto, kuma in akwai, za ta tsaya a buɗe?

Mafi sauƙi su ne gilasan Mamiya 645 na hannu, waɗanda suka fara fitowa tare da kyamarar M645 a 1975. Suna da ɗan maɓalli a gefe mai alamar A da M. Ka tura shi zuwa M, ƙofar haske za ta riƙa bin zobenta kai tsaye. Gilasan Pentax 67, tsarin da ya fara a 1969, suna da irin wannan maɓalli. Amma gilasan Mamiya 645 AF ba su da zoben ƙofar haske, kyamara ce ke sarrafa ta da lantarki, don haka a kan adafta marar waya ba ka da iko da ita. Gilasan Pentax 645 masu alamar A da FA suna da zobe kuma suna bin sa da zarar an kawar da shi daga alamar A, sai dai wasu daga cikin na baya-bayan nan an cire musu zoben, don haka a duba hoton gilashin da kyau kafin a biya.

Gilasan Pentacon Six, waɗanda aka ƙera a Jamus ta Gabas, da na Kiev 60 daga masana'antar Arsenal ta birnin Kiyef, suna da ɗan tsinke a baya. Idan an danne shi ƙofa na buɗewa gaba ɗaya, idan an sake shi sai ta rufe zuwa lambar da ke kan zobe, kuma wannan ya yi wa mai adafta daidai. A lura cewa tsohuwar Kiev 88 bakinta daban ne, mai zare, ko da yake sunan gilasan iri ɗaya ne, don haka a tambayi mai sayarwa wane baki ne.

Hasselblad V na buƙatar natsuwa, domin yawancin gilasanta, masu alamar C da CF da waɗanda suka biyo baya, shota a cikinsu take. Juya gilashin ka dubi bayansa, za ka ga ɗan sanda mai tsaga kamar kan sukuru, da jan ɗigo a gefensa. Idan tsagar tana kallon ɗigon, an ɗana shotar, kuma in ka leƙa za ka ga haske ta cikin gilashin. Idan ba ta kallonsa, ka sa kwabo a cikin tsagar ka murɗa ta hannun agogo har sai ka ji ta kama, ka kuma riƙe kwabon da kyau kada ya zame ya karce gilashin baya. A haka za a ɗora shi a kan adafta, kuma kada a taɓa tilasta gilashin da ba a ɗana ba. Don rufe ƙofar haske, sai ka danna madannin da aka yi domin duba zurfin fokas ka bar shi a kulle. Gilasan F da FE ba su da shota ko kaɗan, don haka sun fi sauƙin sha'ani.

Gilasan Mamiya RB67 da RZ67 ba su da zoben fokas, domin a kyamarorinsu zuga-zugi ne ke tura gilashi gaba da baya. Adaftarsu dole ta zo da nata zoben fokas, kuma tana da girma da nauyi saboda tazarar ta haura milimita 100. Na Bronica ETR da SQ kuwa shotarsu ta lantarki ce, sai da adafta ta musamman mai riƙe ta a buɗe. Gilasan Contax 645 na 1999, ciki har da Planar 80 f/2 da ake rububinsa, ƙofarsu ta lantarki ce, suna buƙatar adafta mai kwakwalwa irin ta Fringer, wadda kuɗinta ya ninka na bututu sau da yawa. Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya a Mamiya 645 na hannu ko Pentax.

Kafin ka biya, ka haska tocila ta bayan gilashin ka duba daga gaba. Ƙura kaɗan ba ta da illa. Zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, hazo mai kama da hayaƙi kuma yana kashe ƙarfin launi, kuma gyaransu ba kullum yake yiwuwa ba. Ka murɗa zoben ƙofa ka ga ko ganyayyakinta suna rufewa da sauri babu maiƙo a jikinsu. Wasu tsofaffin Pentax 105 f/2.4 suna yin rawaya saboda sinadarin toriyam da ke cikin gilashinsu, kuma ana rage wannan da hasken ultrabayolet na kwanaki.

Mataki na huɗu: zaɓen adafta

Iri uku ne. Na farko bututu ne zalla, irin wanda Fotodiox, K&F Concept, Kipon da Novoflex ke yi. Ka nemi na ƙarfe mai bakin tagulla, wanda cikinsa baƙi ne marar sheƙi, kuma in gilashin mai nauyi ne, mai ƙafar ɗaurawa a kan maɗori, wato sandar nan mai ƙafa uku da ake kafa kyamara a kanta. Adafta ɗaya ta fi biyu a jere, domin kowace mahaɗa tana ƙara girgiɗi da karkata. In har sai an haɗa biyu, Pentax da kansa ya yi adaftar 67 zuwa 645 da ta 645 zuwa K, kuma ƙirarsu ta fi ta gama-gari daidaito.

Na biyu shi ne mai gilashi a ciki wanda ke matse da'irar hoto, kamar Baveyes na Kipon mai ninkin 0.7. Da shi gilashi mai 80 f/1.9 yake komawa kimanin 56 f/1.3, wato ganinsa ya faɗaɗa kuma haske ya ninka. Wannan ce kaɗai hanyar da za ka kusanci yadda gilashin yake gani a kan fim ɗinsa, sai dai kana ƙara wasu gilasai a hanyar haske, kuma gefen hoto ne ke fara biyan kuɗin. Na uku shi ne mai gusarwa da karkatarwa, wanda ya cancanci nasa bayani.

Wata magana a kan kyamarar da za ta karɓa: dole ta kasance tana da shota a jikinta. GFX tana da ita tun daga 50S ta 2017. Hasselblad X1D ta 2016 da ƙannenta ba su da ita, don haka da baƙon gilashi sai shotar lantarki, wadda ke karanta sensa a hankali, abu mai motsi ya fito a karkace, fitilar filasha kuma ba ta yi aiki ba.

Mataki na biyar: ɗorawa da saita kyamara

Ka kashe kyamara, ka shiga wuri marar iska, musamman a lokacin hunturu, domin sensar kyamara marar madubi a fili take da zarar an cire murfi. Ka fara ɗaura adafta a jikin gilashi, ɗigo ya fuskanci ɗigo, ka murɗa har ka ji ƙarar kamawa, sannan ka ɗora su duka a kan kyamara bakinta na kallon ƙasa. Idan wani abu ya cije, ka tsaya ka duba, kada ka sa ƙarfi. Bakin Pentacon Six zobe ne ke matse shi, gilashin ba ya juyawa, don haka ka matse zoben da yatsa kawai.

Kyamara ba za ta san akwai gilashi a jikinta ba, saboda haka sai ka ba ta izinin ɗauka a haka. A Sony sunan saitin Release w/o Lens, a Fujifilm Shoot Without Lens, a Canon Release shutter without lens. Ka sa kyamara a A ko Av, inda ita ke zaɓen saurin shota, ko M, inda kai ke saita komai da hannu. Idan sensarta na da na'urar hana rawar hannu, ka shigar mata da tsawon gilashin da kanka, kuma in kana amfani da adafta mai matsewa ka shigar da sabon tsawon, wato 56 a madadin 80. Wanda ya manta ya canza wannan lamba bayan ya sauya gilashi zai ga hoto na rawa fiye da in ya kashe na'urar. Ƙananan kyamarorin Nikon masu madubi na jerin D3000 da D5000 ba sa auna haske da gilashi marar waya, sai dai a yi aiki a M ana duba sakamako.

Tsarin ɗauka shi ne: buɗe ƙofa gaba ɗaya, faɗaɗa hoton a allo a kan idon mutum ko abin da kake so, saita fokas, rufe ƙofa zuwa lambar da ka zaɓa, sannan ka danna. Launin da kyamara ke shafawa a gefen abin da ya fito tangaran yana taimakawa, amma a f/1.9 ko f/2.4 bai isa a dogara da shi ba. Kada ka ɗaga kyamara ta jikinta idan gilashin ya haura kilo ɗaya, kamar Sonnar 180; hannun hagu ya tallafi gilashin, kuma a kan maɗori a ɗaura ƙafar adafta.

Mataki na shida: gwajin adafta

Ka yi wannan a ranar da kayan suka iso, tun ana iya mayar da su. Ka kafa kyamara a kan maɗori, ka nufi abu mai nisan gaske, kamar hasumiya ko ƙarfen sabis da ke can ƙarshen gari, da safe kafin zafi ya fara kaɗa iska. Ka buɗe ƙofa duka, ka faɗaɗa hoton, ka murɗa zobe a hankali zuwa alamar ∞. Idan abin ya fito tangaran kafin zoben ya kai ƙarshe, adaftar ta ɗan gaza tsawo, kuma masu ƙira da yawa suna yin haka da gangan. Ana iya zama da wannan, sai dai lambobin nisa da ke kan zobe ba za su ƙara zama gaskiya ba, kuma gilasan da ke da sassa masu motsi daban a ciki, kamar Distagon 50 FLE, za su rasa kaifi a gefe. Gyaransa shi ne a kwance sukurorin bakin adafta a sa siririn faifan ƙarfe a ƙarƙashi, kauri ɗaya a kowane gefe.

Idan kuwa zoben ya kai ƙarshe abin bai fito ba, adaftar ta yi tsawo, kuma sai a mayar da ita. Kuskuren rabin milimita ya isa: gilashi mai 80 ba zai wuce kimanin mita 13 ba, mai 35 kuwa zai tsaya a wajen mita 2.5. Idan kana da ma'aunin kalifa, ka auna adaftar a wurare huɗu ka gwada da lambar da ka ajiye tun farko.

Bayan haka ka fuskanci katanga mai bulo kai tsaye ka ɗauka a buɗe, ka gwada kusurwoyi huɗu. In gefe ɗaya ya fi ɗaya kaifi, ko adaftar ta karkata ko gilashin ya taɓa faɗuwa. Gwaji na ƙarshe na hasken da ke yawo a cikin adafta ne, kuma ya keɓanta da wannan aiki, domin gilashin yana zuba haske mai faɗin milimita 70 zuwa 90 a cikin bututun da sensarsa ke buƙatar 43 kawai, ragowar kuma tana bugun bango tana dawowa. Ka ɗauki hoto taga na gefe, ka ga ko tsakiyar hoton ta yi fari-fari. Maganinsa rumfar gilashi mai tsawo, har ma wadda ta fi ta asali tunda gefen da'irar ba ka amfani da shi, da kuma liƙa baƙin ƙyalle marar sheƙi wanda ba ya zubar da gashi a cikin bututun.

Gusarwa da karkatarwa

Nan ne babbar da'ira ke zama dukiya. Gilashin 645 yana rufe da'ira mai faɗin aƙalla milimita 70, don haka a kan sensa 36 da 24 ana iya gusar da shi kimanin milimita 15 ta tsawo ko 18 ta gajeren gefe kafin kusurwa ta yi duhu, a kan GFX kuma kimanin 9 ta tsawo. Gilasan 6x6 da 6x7 sun fi haka yalwa. Mirex na Jamus, Kipon da Fotodiox suna yin adaftar da ke ba da wannan motsi, galibi milimita 10 zuwa 15.

Don ɗaukar dogon gini ba tare da bangonsa ya tsuke a sama ba, ka daidaita kyamara tsaye cak da ma'aunin ruwa, kada ka ɗaga bakinta, sannan ka gusar da gilashi sama har saman ginin ya shigo. Ka rufe ƙofa zuwa f/8 ko f/11, domin yanzu da gefen da'ira kake aiki. A kyamara mai madubi ka auna haske kafin ka gusar. Don faffaɗan hoto, ka ɗauki uku, hagu da tsakiya da dama, a M ba tare da canza komai ba, ka haɗa su a kwamfuta. Da gusarwar 15 kowane gefe ka sami hoto mai faɗin milimita 66. Ya fi kyau gilashin ya tsaya cak kyamara ce ke gusawa, don kada abubuwan kusa su goce wa na nesa.

Karkatarwa kuma tana kwantar da layin fokas. Idan atamfa ce shimfiɗe a kan tebur kana ɗaukarta daga gefe, ka saita fokas a bakin nesa, ka sunkuyar da gilashin ƙasa kaɗan har bakin kusa ya fito, ka koma ka gyara fokas, ka maimaita har bakunan biyu su daidaita. Digiri biyu zuwa huɗu kan wadatar a irin wannan aiki, kuma yawancin masu farawa wuce gona da iri suke yi. Da ka gama, ka mayar da duka ma'aunan biyu sifili ka kulle su kafin ka cire kyamara daga maɗori.